Tarwaɗar Rijiyar Baba

Tim. Ƙarar da na ji ke nan a cikin baho lokacin da na juye guga na biyu, wata safiyar Talata a farkon damina. Ƙaramar ƙara ce, kamar sabulu ya suɓuce ya faɗa ruwa. Na leƙa, sai ga tarwaɗar Baba kwance, farin cikinta a sama, gashin bakinta ya saki. 'Yata, mai shekara biyar, tana tsugune a gefena tana jiran wanka. Ta buɗe baki za ta ƙwala ihu, na toshe mata shi da jiƙaƙƙen hannuna.

Yau kwana talatin da takwas da aka kai Baba makwancinsa. Mahaifin maigidana ne, shi ya sa ba za ku ga sunansa a takardar nan ba, bakina bai taɓa faɗarsa ba. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabari, ya shayar da shi daga ruwan da ba ya gurɓata.

Kwana uku na zauna cikin mata a tsakar gida ina karɓar gaisuwa, kuma kunnena bai toshe ba.

"Allah ya jiƙan Baba Eleja," in ji wata hajiya daga layin baya. Haka Yarbawan unguwa suke kiransa, wato baban kifi, har mu ma muka ɗauka. "Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai."

"Tsufa ne, Hajiya," ta kusa da ita ta ce. "Ai tun bara ya fara ruɗewa. Mutum ya ce wai kifi ne likitan ruwa?"

Suka danne dariya da bakin mayafi. A waje kuma, ƙarƙashin rumfa, abokan siyasar Yaya, wan maigidana, suna ta sauka daga motoci. Kowa ya karɓi lasifika sai ya ce an yi rashin uban al'umma, ya zauna ya buɗe ruwan kwalba. Iya mai koko, maƙwabciyarmu ta shekara ashirin, ba ta zo ba sai rana ta uku. Ba ta zauna ba. Daga bakin ƙofa ta ce, "Sannunku. Allah ya yafe masa abin da ya yi wa jikana." Ta juya.

Mutum ɗaya ce ta yi abin da ya dace. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta iso daga Yawuri rana ta biyu, ƙafafunta a kumbure saboda zaman mota. Kafin ta gaisa da kowa ta wuce bakin rijiya, ta ɗaga murfin, ta sunkuya ta shaƙa. Ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Mi kunka yi ma ruwanga?"

Matar Yaya ta ce a kawo wa Gwaggo tabarma.

Tun ranar nake jin wani abu a ƙirjina kamar garwashi. Na yi istigfari, na yi nafila, bai mutu ba. Jibi za a yi sadakar arba'in, Yaya ya buga kalanda da hoton Baba, za a raba. Ni kuma wannan takardar zan raba. Wanda ya karanta ya ji haushina, ya ji. Amma ba zan yarda jikokin bawan Allah nan su taso suna jin ana cewa kakansu ruɗaɗɗen tsoho ne da ya shayar da unguwa guba ba.

Baba ɗan masunta ne, a bakin Kwara aka haife shi. Yana cewa ya iya iyo kafin ya iya tafiya, Gwaggo kuma ta ce wannan kam bai ƙara gishiri ba. Yana saurayi ya fara kawo bandar kifi Ikko, yana saukewa a Oyingbo. A can ya saba da masuntan da suke gina gidajensu a kan ruwa, ya shiga kwalekwalensu, ya koyi Yarbanci a tsakiyar ruwa. Shi ya sa Yarbancinsa ya fi yawa a sunayen kifi da zagi.

In ya fara maganar ruwa, tuwonsa yakan huce. Zai gaya maka yadda gaiwa ke binne kanta a taɓo ta kwana rani guda ba ta mutu ba. Yadda minjirya ta taɓa jefar da shi daga jirgi yana ɗan shekara goma. Yadda ayu ke shayar da ɗanta kamar mace, da yadda ya daina ganinsa a Kwara tun kafin furfura ta fito masa. Ruwan da ya kewaye Ikko kuwa, cewa yake da damina ɗan kogi ne, da rani ya koma ɗan teku, domin shi da kansa ya ɗanɗana shi a kowane wata. A nan, in ji shi, cikin saiwoyin itatuwan bakin ruwa, jatan lande da ƙananan kifayen teku suke yin yarintarsu kafin su fita babban ruwa. "Ɗakin goyon teku ke nan," yakan ce. "Shi kuma kuke zuba wa shara."

Wata ƙaramar Salla ya cika motar danfo da mu, ya ce yau jikokinsa za su ga teku. Yara suna ta tsalle suna gudun igiyar ruwa, shi kuwa ya naɗe ƙafar wando, ya shiga har gwiwa, ya kamfato ya kai baki. Ya daɗe a tsaye. Da ya fito ya ce mini, "Ɗiyata, wanga ruwa ya bi ta ƙofar gidanmu. Kwara ma cikinsa take ƙarewa. Daga nan rana ta ɗauke shi, ya zama hadari, ya koma ya sauka a gonar wani, ya nutse, ya fito a rijiya. Ruwa ɗaya ne Allah ya yi, yawo kawai yake." Na tuna malaminmu na sakandare yana zana mana wannan da kibiyoyi a allo, muna kwafa muna hamma. Baba bai taɓa zama a benci ba.

Ba ya cin kifi mai ƙwai a farkon damina. In na sayo a rashin sani, sai ya ture kwanon ya ce, "Kin dafa mana kifin baɗi." Akwai ranar da na raka shi kasuwa, ya tarar da wata mata da tire cike da 'yan mitsi-mitsin kifi, irin waɗanda ake tacewa da gidan sauro. Ya tsaya ya fara mata faɗa da Yarbanci, mutane suka taru.

"Baba, na your papa get river?" ta ce, ta riƙe ƙugu.

"Uwata, ubana bai da kogi. Amma waɗanga da kin bar su wata shida, ɗaya zai cika tukunyar da yau ɗari ba su cika ba."

"To ka je ka gaya wa cikina ya jira wata shida!"

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da muka juya ya ce a hankali, "Tana da gaskiya ita ma, yunwa ba ta jira. Sai dai jikokinta za su ci kifin gwangwani."

Rijiyar gidanmu shi ya haƙa ta da hannunsa, shekarar da ya gina gidan nan na Agege. Ya kuma yi abin da ake yi a garinsu: ya saka tarwaɗa a ciki. Tana cinye tsutsa da ƙwarin da suka faɗa, kuma ita ce mai gadi. Tarwaɗa kifi ne mai wuyar mutuwa, tana rayuwa ko a cikin kwata. In ta mutu a rijiya, to ruwan ya wuce a ce ya lalace. Wadda na samu a gidan ta kai shekara tara, tsawonta ya kai kamu guda. Kullum da hantsi Baba zai je ya marmasa mata ƙosai, ya kara kunne, ya ji ta juya.

Ƙofar gidan nan ba a rufe ta daga asuba zuwa magariba. In famfon unguwa ya ɗauke, kuma yakan yi makonni a ɗauke, layi har titi. Masu garuwa, 'yan okada da suke wanke fuska, matan Yarbawa da bokitai, Iya da take dama kokonta da ruwan nan tun kafin a kawo ni. Dokarsa uku ce: a ja da gugan gidan, kada a kawo sabulu kusa, a yi bismilla. In baƙo ya yi shakka, sai ya daki ƙirji ya ce, "Muddin tarwaɗar na motsi, ka sha. A wuyana."

A wuyansa. Ku riƙe wannan.

Shekarar da soja suka koma bariki, Yaya ya shiga siyasa. Gida ya cika da mutane da fastocin kamfe. Ya gina ɗakuna huɗu a baya ya zuba 'yan haya, ya sa aka haƙa musu salga. Lokacin yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, amma ya fito da sandarsa ya auna daga bakin ramin zuwa rijiya.

"Taku sha ɗaya," ya ce. "A cike shi."

"Baba, an zuba siminti. Injiniya ya duba."

"Injiniyan ya shiga ƙarƙashin ƙasa ya ga hanyar da ruwa ke bi?"

"Haba Baba. Yanzu dimokuraɗiyya ake yi, kowa da ra'ayinsa," in ji Yaya, yana kallon abokansa.

"To a kira ruwan shi ma ya jefa ƙuri'a."

Suka yi dariya har da tafawa, wani ya ce, "Oga, tsohon nan naka ɗan adawa ne." Ba a cike ramin ba. Da ya fara wari, 'yan haya suka yi abin da kowa ke yi a unguwar nan: suka riƙa tuttula masa baƙin man janareta da kalanzir da maganin kyankyasai. Damina biyu ƙasa tana sha. A ta uku na juye guga na ji tim.

Na rufe bahon da tsumma na kira maigidana. Shi kuma ya kira Yaya. Mu uku muka tsaya a bayan kicin kamar ɓarayi.

"Kada tsoho ya ji," in ji Yaya. "Yana da hawan jini. Kuna so ku kashe shi?"

"Yaya, ruwan fa?" na ce.

"Ruwan sama ne ya yi yawa, zai washe. Ku mata ku riƙa sayen na burtsatse kuna sha. Wannan a yi wanki da shi."

"Maƙwabta fa?"

"Ke ce ministar ruwa?"

Maigidana ya dubi ƙasa. Kafin hantsi an kawo wata tarwaɗa mai rai daga kasuwa a cikin jarka, an zura ta. Ta Baba kuma aka binne ta a bayan ɗakunan haya. Ni na ja 'yata ɗaki na ce mata in ta gaya wa Kaka, Kaka zai yi kuka. Yarinyar da yake kira amaryarsa, wadda ba ta ɓoye masa ko alewar da ke kumatunta. Ta gyaɗa kai.

Baba ya fito ya marmasa ƙosai, ya kara kunne, ya ji motsi, ya koma.

Na gwada zuba masa ruwan burtsatse a randarsa, ya kurɓa ya tofar, ya ce ruwan ƙarfe ne. Sai na koma tafasa na rijiyar a ɓoye ina hucewa. Amma shi yake jan na alwalarsa, kuma a bakin rijiyar yake sha. Iya kuwa na ce mata, "Iya, a riƙa tafasa ruwa, damina ce." Ta ce ai koko a wuta ake yinsa. Ban ƙara ko kalma ba. Wannan ne iyakar jarumtata.

Bayan kamar mako biyu, ina shara, ya kira ni.

"Ɗiyata, ruwanga ya sauya baki. Kifin na nan?"

"Tana nan, Baba."

"Kin gan ta da idonki?"

"Na gan ta."

Ya juya moɗa a hannu. Sannan ya ce, "To, harshena ne ya tsufa." Ya shanye.

Wallahi da a ce mari ya yi mini. Mutumin da ya fi shekara saba'in yana ɗanɗana ruwa, harshensa ya gaya masa gaskiya, ya ƙaryata harshensa saboda ni na ce.

Ta biyu ta yi wata guda ta taso. Aka sauya. Ta uku ko kwana ashirin ba ta yi ba. Aka sauya. Abin ya zama kamar sayen gawayi, har mai kawowa ya san gidan.

Sai yara suka fara kwanciya. Biyu a gidan mai wanki, ɗaya cikin 'yan haya, sannan jikan Iya, ɗan shekara biyu, wanda gudawa ta mai da shi kamar tsumma, aka yi kwanaki ana ƙara masa ruwa a asibiti. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma a can aka ce mata ta binciki ruwan da suke sha. Ta shigo gidan nan ɗankwali a hannu.

"Baba Eleja! Kai ka ce a wuyanka! Ga shi nan a wuyanka!"

Baba yana kan buzunsa. Shi ma a lokacin ya fara ramewa, cikinsa ba ya riƙe komai, muna cewa shawara ce. Bai yi musu da ita ba. Ya ce a kira mai yasar rijiya ya fito masa da kifin. Yaya ya ce ana shirin ruwan sama, a bari sai gobe. Baba ya ce, "Yanzu."

Aka fito da ita a bokiti aka ajiye a gabansa. Ya zura hannu biyu. Ya shafa kanta, ya bi gashin bakin ɗaya bayan ɗaya, ya shafa bayanta har wutsiya. Tasa tana da tabo a gefen hagu inda ƙarfen guga ya taɓa yankarta, gashin bakinta ɗaya guntu ne. Wannan kuwa sumul take, ga taushin kifin kiwo.

"Ta nawa ce wagga?"

Tsakar gida cike da mutane, kifin na motsi a bokiti. Yaya ya fara cewa, "Baba, ai dama..." Ya ɗaga masa hannu.

"Ɗiyata. Ke nike tambaya."

"Ta huɗu, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

Ya tsame hannunsa ya goge a riga. Na jira ya tsine mana. Da ya yi, da wataƙila yau ina barci. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ita ta yi aikinta. Ta mutu don ta gaya muku." Sannan ya ce a zuba wa wannan ruwan sama a rabin duro, kada a mai da ita ciki, ba ta yi laifin komai ba. Ya ce a rufe rijiyar a ɗora dutse. Ya laluba sandarsa ya miƙe.

Maigidana ya bi shi zai riƙe shi, ya fizge. Gida-gida ya bi, a cikin yayyafi, yana dogara sanda yana tsallake kwata da lalube. Layinmu, layin baya, har wajen masu garuwa inda suke ajiye kurarsu. A kowace ƙofa magana ɗaya yake yi: "Ruwana ya ɓaci. Ni na ce ku sha. Ku yafe mini." Wani ya ce Allah ya yafe mana, wani ya rufe ƙofa. Bai ambaci salga ba. Bai ambaci ɗansa ba. Bai ce an sauya masa kifi ba. Zaɓen cikin jam'iyya ya matso a lokacin, kuma ya sani.

Wannan ne abin da matan nan suke kira ruɗewa. Sun ga tsoho makaho yana yawo cikin ruwa yana neman gafara, suka ce ya zautu. Mu kuma da muka san komai muka bar su suka ce. Da aka tambayi Yaya a masallaci, cewa ya yi, "Kun san tsofaffi da al'adunsu, mun yi mun yi ya daina ba mutane ruwan nan."

Daga yawon nan ya kwanta. Likita ya ce taifot ne ya haɗu da shekaru. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ban kuma ce wani ya kashe shi ba, Allah shi ne masani. Amma na san abin da ya sha wata huɗu, na kuma san wanda ya ce masa tana nan.

Ina jinyarsa, ranar da ya ɗan samu sauƙi da la'asar, na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Na yafe tun a tsakar gida. Ke aka sa." Na ce ba a ɗaure mini baki ba. Ya ce, "To ki kiyaye gaba." Sai ya koma zancen kifin. Wai in ya tashi za mu shiga danfo mu nemi rafi mai gudu a wajen gari mu sake ta, domin zaman duro ba zama ba ne. Ya yi ta lissafa rafukan da ya sani a da, yana sokewa da kansa: wannan an cike shi an yi gidaje, wannan ya zama bola, wannan ruwansa ya koma baƙi. Bai gama zaɓa ba barci ya ɗauke shi. Kwana biyar bayan nan ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Ku da kuka ce taurin kai, taurin kansa ne ya shayar da ku shekara da shekaru lokacin da famfo ke fitar da iska. Ku da kuka yi dariyar kifi, kifin bai yi kuskure ko na kwana ɗaya ba. Iya, jikanki ba Baba ne ya cuce shi ba. Ni ce na gan ki kina ja da safe, na gaishe ki, na taya ki ɗora bokiti a ka. Jiya na je na faɗa miki wannan a gaban tukunyarki, kin juya mini baya, kina da gaskiya. Yaya, kai babba ne, ban taɓa ɗaga ido na dube ka ba, amma salgar tana nan, taku sha ɗaya, kuma akwai rijiyoyi biyu a gidajen da ke bayanmu. Su ba su da tarwaɗa. Maigidana ya karanta wannan kafin kowa. Ya daɗe riƙe da takardar, sannan ya ce, "Ki kai a buga."

Yau da safe tifa ta juye ɓaraguzai a ƙofar gida. Za a cike rijiyar kafin baƙin arba'in su zo, a shafe wurin da siminti a jera kujeru. Na fito shanya, na tarar da 'yata a tsugune gaban rabin duron, tana marmasa wa kifin ƙosanta. Kifin ya rage kuzari kwanan nan, da ƙyar yake tasowa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗago.

"Umma, in wannan ma ta mutu, wa za mu ɓoye wa? Ai Kaka ba ya nan."